Tattalin Ruwan Wanka da na Makewayi a Ƙasar Damargu

Hausawa suna cewa ruwa abokin aiki. Babu inda aka fi sanin gaskiyar wannan magana kamar ƙasar Damargu, wato gundumar Tanut da ta Belbeji, a arewacin jihar Damagaram. A nan damina gajera ce, rani kuwa dogo ne. Duk jarkar ruwan da ta shigo gida, sai da wani ya yi gumi, ko kuwa aka biya kuɗi, kafin ta shigo.

A yau za mu yi magana a kan wuri guda a cikin gida, wato makewayi. Can ake wanka, can ake kama ruwa. Sau da yawa kusa da shi ake alwala da wanki. Za mu duba abu uku. Ruwa nawa ya kamata ya shiga wurin? Ta ina yake salwanta? Ina yake tafiya bayan an gama aiki da shi? Amsar waɗannan tambayoyi ta shafi aljihun maigida, da wuyan uwargida, da lafiyar yara.

Daga ina ruwanmu yake zuwa?

Garin Tanut yana kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, wajen kilomita 150 arewa da birnin Damagaram. Belbeji tana yamma da Tanut. A da duk gunduma ɗaya ce, sai a shekarar 2011 Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ruwan saman da yake sauka a wannan yanki bai cika wuce milimita 300 a shekara ba. Ƙasar Magarya da ta Matamaye a kudu sun fi mu samun ruwa nesa ba kusa ba. Dattawa ba su manta da farin 1973 zuwa 1974 ba, da kuma na 1984, lokacin da dabbobi suka mutu, mutane da yawa suka bar garuruwansu.

Ba mu da kogin da yake gudana duk shekara. Tafkunan damina suna ƙafewa bayan ƴan watanni. Saboda haka dogaronmu yana kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi kuwa yana da nisa. Akwai rijiyoyi da yawa da zurfinsu ya wuce mita 50. A irin waɗannan rijiyoyi sai an ɗaura wa raƙumi ko jaki ko sa igiya kafin wasaki ya fito. Manoma da makiyaya, Hausawa da Barebari da Buzaye da Fulani, duk a bakin rijiya ɗaya suke haɗuwa. Idan bazara ta yi, layi yakan yi tsawo, rai yakan ɓaci.

A garuruwan da aka haƙa rijiya mai inji aka kafa tanki da fanfo, wahala ta ragu. Amma ruwan fanfo ma ba kyauta ba ne. Inji yana bukatar mai ko farantan hasken rana, yana bukatar gyara, mai tsaron fanfo kuma yana bukatar albashi. Kuɗin da muke biya a bakin fanfo shi ne yake riƙe da injin.

Lita nawa mutum yake bukata?

Bari mu fara da awo. Jarka babba tana cin lita 20, wata kuma 25. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ke nan yarinyar da ta ɗauko jarkar lita 20 ta ɗora kilo 20 a kanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 20 a yini domin sha da girki da wanke hannu da ɗan abin da ba a rasa ba na tsabta. Idan ana so wanka da wanki su wadata sosai, sai wajen lita 50. Hukumar ta kuma lura da wani abu: idan zuwa ɗibar ruwa da dawowa ya wuce minti 30, abin da mutane suke ɗebowa yakan ragu ƙwarai, har ya sauka zuwa wajen lita 5 ga mutum ɗaya. A irin wannan gida, wanka da wankin hannu su ne ake fara yankewa, daga nan kuwa cuta take samun ƙofa.

Mu ɗauki gida mai mutum 8. Idan kowa zai sami lita 20, gidan yana bukatar lita 160 a yini, wato jarka 8. Wannan shi ne ƙaramin awo, ban da na dabbobi. Ku lura, ƴan'uwa: tattalin ruwa ba rowa ba ne. Manufarsa ita ce a toshe inda ruwa yake tafiya a banza, domin ya isa inda lafiya take bukatarsa.

Inda ruwa yake salwanta

Na farko shi ne wanka. Babban mutum yana iya yin wanka mai kyau da bokiti na lita 10. Ga yadda ake yi. A jiƙa jiki da kofi biyu ko uku. A ajiye kofin, a cuɗa jiki da soso da sabulu tun daga kai har ƙafa. Sa'an nan a ɗauraye daga sama zuwa ƙasa, domin ruwan da ya wanke kai ya bi ta kafaɗa ya wanke sauran jiki. A yi aiki da ƙaramin kofi ko moɗa. Babbar ƙwarya tana zubar da ruwa a ƙasa kafin ya taɓa jiki. Kada kuma a cika sabulu, domin yawan kumfa yawan ɗauraya ne.

Mu yi lissafi. Idan mutum 8 suna wanka da lita 20 kowannensu, sun kashe lita 160. Idan suka koma lita 10, sun rage lita 80 a yini, wato jarka 4. A wata guda jarka 120 ke nan. Ku ƙiyasta kuɗinsu a wurin ƴan garuwa, ko kuwa ku ƙiyasta sawu nawa ne zuwa rijiya.

Na biyu shi ne kan fanfo mai ɗiga, da buta ko randa mai yoyo. Ɗigo abin rainawa ne, amma da yayyafi kogi kan cika. Kan fanfon da yake ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da wajen lita 20 a yini da dare. A wata guda lita 600 ke nan, wato duro 3 masu cin lita 200. Sau da yawa ƴar roba ce kawai ta cinye a cikin kan fanfon. Kafin mai gyara ya zo, a tara bokiti a ƙarƙashi.

Na uku ya shafi gidajen gari masu fanfo a ciki. Wankan shawa yakan ci wajen lita 10 a minti ɗaya. Wanda ya tsaya minti 5 ruwa yana zuba ya kashe lita 50, abin da zai ishi mutum 5 wanka da bokiti. Mai shawa ya rufe ta lokacin da yake cuɗa jiki. Haka nan mai goge baki da mai aski su ɗebi ruwa a kofi, kada su bar fanfo a buɗe.

Na huɗu shi ne masai na zamani mai tankin ruwa. Duk lokacin da aka ja shi, lita 6 zuwa 10 ne suke tafiya, tsoffin tankuna ma sun fi haka. Idan mutum 8 suka ja sau 3 a yini, tankin kuma yana cin lita 9, an kashe lita 216. Wannan ya zarce dukan ƙaramin awon gidan. Wanda yake shirin gina gida a ƙasar da ruwa yake da wuya ya yi tunani a kan wannan. Akwai masai na tsuguno wanda ake kora shi da buta ko ƙaramin bokiti, lita 2 ko 3 sun isa. Masai na rami kuwa ba ya bukatar kome sai ruwan tsarki.

Mai agogon ruwa a gida, wato kwantar, yana iya gane ko bututunsa yana yoyo a ɓoye. Ya rufe duk kawunan fanfo da dare, ya rubuta lambar da take jikin agogon. Da asuba, kafin kowa ya taɓa ruwa, ya sake dubawa. Idan lambar ta ƙaru, akwai yoyo a wani wuri. Ga amfanin karatu da rubutu a fili.

Wajen alwala ma akwai abin lura. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu ɗaya na ruwa, ya yi wanka da sa'i ɗaya ko ɗan fiye da haka. Mudun nan bai kai lita ɗaya ba, sa'i kuwa mudu 4 ne. Ƙaramar buta ta isa alwala.

Inda ba a rowar ruwa

Akwai wurare biyu da bai kamata a ji ƙyashin ruwa ba, kome wuyarsa: hannu da fuska.

Zawo yana cikin manyan cututtukan da suke kashe yara ƙanana a ƙasarmu. Ƙwayoyin cutar suna cikin kashi. Ido ba ya ganinsu. Suna bin hannu su shiga abinci, daga nan su shiga ciki. Binciken masana ya nuna cewa wanke hannu da sabulu yana rage zawo da kusan kashi ɗaya cikin uku. A wanke hannu bayan an fito daga masai, da bayan an yi wa yaro tsarki, da kafin a taɓa girki, da kafin a ci abinci ko a ba yaro. Idan babu sabulu, a cuɗa da toka mai tsabta. A zuba wa mutum ruwa daga buta. Kada jama'a su tsoma hannu cikin kwano ɗaya, domin na ƙarshe da dauɗar na farko yake wankewa.

Akwai wata dabara mai sauƙi da aka fara a ƙasar Zimbabuwe. A sami ƙaramar jarka ta lita 5. A huda ta kusa da baki da ƙusa mai zafi. A rataye ta a sanda tsakanin itace biyu masu gwafa, kusa da ƙofar makewayi. A ɗaura igiya daga bakin jarkar zuwa wata sanda a ƙasa. Idan aka taka sandar, jarkar ta karkata, ruwa ya zubo siriri. Hannu bai taɓa jarkar ba, ruwan da aka kashe kuwa bai kai rabin kofi ba. A rataye sabulu a gefe da zare, domin kada awaki su cinye.

Fuska kuwa, saboda amodari ne. Wannan ciwon ido ya daɗe yana makantar da mutane a jihar Damagaram da ta Maraɗi. Yana farawa tun ana yaro. Kwantsa da majina suna jawo ƙuda, ƙuda ya tashi daga idon wannan ya sauka a idon wancan. Hannu da mayafi ma suna ɗaukar cutar. Idan ciwon ya yi ta dawowa shekara da shekaru, sai fatar ido ta tattare, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido har gani ya tafi. Ya fi kama mata, domin su ne kullum tare da yara.

A shekarar 1998 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi kira ga ƙasashe su yaƙi wannan ciwo ta hanya huɗu: aikin gyaran fatar ido, da rabon magani, da wanke fuska, da tsabtar muhalli. Biyu na farko aikin likita ne. Biyu na ƙarshe aikinmu ne a gida. Kofi ɗaya na ruwa ya isa wanke fuskar yaro. A wanke da safe, a wanke da yamma. A zuba ruwan a hannu, kada a tsoma fuskokin yara a kwano guda, kada kuma a share su duka da tsumma ɗaya.

Maijego da jariri su ma suna bukatar ruwa mai tsabta isasshe. Sai dai wankan jego da ruwa mai tsananin zafi yana cin ruwa da itace masu yawa, yana kuma iya ƙona fata. Ruwa mai ɗumi ya isa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna cewa yawan shan kunun kanwa tare da dumama jiki fiye da kima yana da alaƙa da ciwon zuciya bayan haihuwa. Maijegon da ta ga ƙafafunta suna kumbura, ko numfashinta yana sarƙewa, a kai ta gidan likita ba tare da jinkiri ba.

Ina ruwan wanka yake tafiya?

A gidaje da yawa ana huda katanga, ruwan wanka ya fita ya kwanta a lungu. Idan ka bi wasu unguwanni, hanci ne zai fara gaya maka inda makwararar take. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan kwatami yana jawo illa huɗu.

Da fari, sauro yana ƙwai a ruwan da yake kwance. Lokacin zafi, cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya zama sauro mai tashi. Sauron da ya fi son ruwan datti shi ne mai hana barci da dare. Mai kawo zazzaɓi ya fi son ƙananan kududdufai masu ɗan haske da rana take dukansu, irin waɗanda suke taruwa a gindin fanfo mai ɗiga. Dukansu biyu ba baƙin arziki ba ne.

Na biyu, yara suna wasa a wurin, kaji da agwagi suna tonawa, sa'an nan duk su shigo tsakar gida. Ruwan wanka ba ya rasa ɗan kashi da fitsari a ciki. A shekarar 2021 cutar kwalara ta ɓulla a jihohi da dama na Nijar, har da Damagaram da Maraɗi. Irin wannan cuta ta hanyar ruwa da abincin da kashi ya gurɓata take yaɗuwa.

Na uku, danshi yana cin gindin katangar ƙasa. Gishirin sabulu da na fitsari suna rugurguza ta a hankali, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai ta faɗi. Na huɗu, rigima tsakanin maƙwabta. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, maganar makwarara takan kai mutane gaban mai unguwa.

Yadda ake ramin shanye ruwa

Maganin wannan ba shi da tsada. Magidanci da ɗansa suna iya gama shi a yini ɗaya.

1. A zaɓi wuri nesa da gindin katanga da kamar taki 3. Ya kasance nesa da kowace rijiya da aƙalla mita 30.

2. A haƙa rami mai faɗin mita ɗaya, zurfinsa mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

3. A gwada ƙasar. A zuba bokiti biyu na ruwa a ciki. Idan ƙasar jigawa ce, nan da nan za ta shanye. Idan ruwan ya kwana bai tafi ba, laka ce, sai a ƙara faɗin ramin ko a sake wuri.

4. A cika ramin. Manyan duwatsu a ƙasa, matsakaita a tsakiya, tsakuwa a sama. Inda dutse yake da wuya, a sa fasassun bulo na siminti da tsingaro.

5. A daɓe wurin wankan, a ɗan karkata shi wajen mafita. A sa bututu daga nan zuwa tsakiyar ramin.

6. A bakin bututun a sa gwangwani mai ƙananan huji, a cusa masa busasshiyar ciyawa ko tsohon soso. Shi zai tare gashi da dauɗar sabulu. A sauya ciyawar kowane sati.

7. A rufe saman ramin da tsohon buhu, a bi da ƙasa a daddale, domin kada sauro da ƙuda su sami hanya.

Bayan ƴan shekaru ramin yana iya toshewa. Idan haka ta faru, a kwashe duwatsun, a shanya su a rana, a kankare jikin ramin, a mayar.

Ruwan wanka abincin itace ne

Manomi ba ya yar da abin da zai amfani shuka. Gida mai mutum 8 yana fitar da wajen lita 80 na ruwan wanka kullum. A ƙasa irin tamu wannan dukiya ce. Maimakon rami, ana iya jan ƴar makwarara zuwa gindin itace. A yi wa itacen kwari kewaye da shi, a zuba tsakuwa ko kara da busasshen ganye a kai, yadda ruwan zai nitse nan take. Zogale da lalle da dogon yaro da magarya duk suna iya rayuwa da irin wannan ruwa. Zogale kuwa ganyensa abinci ne mai gina jikin yara da mata masu shayarwa. A dasa itacen nesa da katanga da ramin masai, saboda saiwa.

Amma akwai ƙa'idoji. Kada a zuba ruwan wanka a kan ganyen da ake ci ɗanye, kamar salati. A zuba shi a ƙasa, kada a watsa a kan ganye. Kada a ajiye shi ya wuce yini ɗaya, domin zai yi wari, ƙwayoyin cuta su hayayyafa. Ruwan da yake da garin sabulu mai yawa ko ruwan jabel yana ƙona shuka, yana kuma sa ƙasa ta yi gishiri. Shi ramin shanye ruwa za a kai shi. Ruwan da aka wanke kashin yaro da shi, ko kayan mai zawo, ba na itace ba ne. Masai za a zuba shi.

Ruwan ɗaurayar tufafi na ƙarshe yana da sauran amfani. Ana iya wanke daɓen makewayi da shi, ko a kora masai na tsuguno. Lokacin damina kuma, mai rufin kwano ya tara duro a ƙarƙashin indararo. A bar ruwan farko ya wanke rufin ya zube, sa'an nan a tara. A rufe duron ruf saboda sauro. Wannan ruwa yana da kyau wajen wanka da wanki, ba ya cin sabulu.

Masai da wurin wanka, kowa da ramin sa

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a juya ruwan wanka cikin ramin masai. Ramin zai cika da wuri, wari ya ƙaru. A ƙasa mai rairayi kuma ruwan yana zaizaye jikin ramin har ya rufta, wani lokaci da mutum a kai. Ruwan tsarki kaɗai ne zai shiga masai. Inda ƙasa take da taushi, a gina jikin ramin da bulo. Masai ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kada kuma ya kasance a tudun da ruwa yake gangarowa wajen rijiyar.

A yi wa bakin masai murfi mai mariƙi, a riƙa rufewa kullum. A riƙa barbaɗa toka a ciki, tana rage wari da ƙuda. Butar masai ta zama dabam, kada ta kusanci randar sha. Kada a tsoma ta cikin randa, a zuba mata ruwa da moɗa.

Ƙudan da yake sauka a idon yara ya fi son yin ƙwai a kashin mutum da aka bari a fili. Ba ya hayayyafa a cikin rami mai murfi. Shi ya sa tun shekarar 2002 Cibiyar Carter ta Amurka ta taimaka wa hukumomin lafiya wajen gina masai a ƙauyukan jihar Damagaram. Gidan da ya gina masai ya kare idon yaransa da na maƙwabta. Wasu suna cewa kashin jariri ba ya da illa. Wannan ba haka ba ne. Yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba. A koya wa yaro zama a fo, a juye a masai, a wanke hannu.

Wanka a tafki

Idan damina ta sauka, tafkuna suka cika, yara sukan ruga wanka. Ruwa ne na kyauta, amma yana da nasa farashi. A tafkunan da suke daɗewa akwai ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar tana huda fata ta shiga jiki lokacin wanka. Daga baya sai yaro ya fara fitsarin jini. Mai cutar idan ya yi fitsari a tafki, ya sake shuka ta. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ne, ciwo ne, kuma akwai maganinsa a gidan likita. Idan dole ne a yi aiki da ruwan tafki, a ɗebo shi a ajiye a rufe kwana 2 kafin a yi wanka da shi, domin tsutsar ba ta daɗewa a raye idan ba ta sami jikin mutum ba. Na sha kuwa sai an tace an tafasa, ko an sa maganin tsabtace ruwa.

Aikin kowa ne

Kada wani ya ce waɗannan ƙananan abubuwa ba za su sauya kome ba. Mu tuna da kurkunu. Shekarun baya ya kwantar da manoma da yawa a jihar Damagaram daidai lokacin noma. Ba allura ce ta kore shi ba. Tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwon shiga tafki, da haƙa rijiyoyi, su suka yi aikin. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Jama'ar karkara ne suka yi wannan da hannunsu.

A shekarar 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun ruwa mai tsabta da wurin kewayawa haƙƙi ne na kowane ɗan Adam. Haƙa rijiyoyi masu zurfi da kafa tankuna nauyi ne a kan hukuma. Ya kamata mu riƙa tuna wa hukuma wannan nauyi, mu kuma riƙa halartar taron kwamitin ruwa na garinmu mu ji yadda ake kashe kuɗin fanfo. Amma daga ƙofar gida zuwa makewayi, nauyin namu ne.

Maigida, haƙa ramin shanye ruwa da gyaran fanfo aikinka ne. Uwargida, ki sa ido a kan buta da randa da fuskar yara. Samari, ku taya mata da ƙannenku ɗibar ruwa, domin yarinyar da ta yini a bakin rijiya ba ta je makaranta ba. Malaman yaƙi da jahilci, ku sa ɗalibai su auna bokitin wankansu da kwalbar lita ɗaya, su ƙidaya jarkar da take shiga gidansu a sati, su rubuta, a zo a kwatanta a aji.

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa wanda bai iya ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.